Yatsu Biyu da Dorina Ta Ci

Jinyar nan ta ci ni. Sati bakwai ban kwanta a kan angareb ɗina, gadon nan na igiya, ba, girbin riɗi ya wuce ni, na ƙona hannuna da tafasasshen mai, kuma rabin wuyar ni na jawo ta da kaina. Ban iya tsara magana irin ta 'yan boko ba. Allo na yi, sai aji biyu. Zan faɗe ta yadda ta zo, wanda yake da ɗa a jami'a ya ji.

Ni wakilin gona ne a Gadambaliya. Gonar ta wani ɗan kasuwa ce a Gadarif, ni nake tsaya masa a kan leburori tun daga shuka har girbi. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya je ya dawo, ya sauke kaya a nan, mu ma a nan muka tashi.

Yaron sunansa Idrisa. Na faɗa sau ɗaya ne don ku san shi. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu har yau muna kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi. Uwarsa Hauwa ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane. In ina da magana da shi, ta bakin kawunsa Salihu take bi, ƙanen Hauwa, tela a kasuwa. Haka aka yi mini, haka na yi. Shekara uku yana jami'a, ban taɓa ce masa me kake ci ba.

Injiniya yake karanta a Hartum. Hutun farko ya dawo da kumatu da tumbi kamar mai shago. Mata suka yi ta guɗa, suna cewa birni ya karɓe shi. Ni ma a raina na ji daɗi. Mu da muke ganin lebura ya bushe kamar kara, ƙiba a wurinmu arziki ce. Da yaƙi ya tashi ya dawo a bayan babbar mota. Daga baya jami'arsu ta samu wuri a nan Gadarif ta ci gaba. Gidanmu ya cika da dangin da suka gudo, har a rumfar awaki akwai mai kwana, sai ya kama ɗaki da abokansa kusa da inda suke karatu. Ina tura masa kuɗi ta waya. Iyakata ke nan.

Ana tsakiyar yankan riɗi Salihu ya kira ni. Ya ce sakamako ya fito, yaron ya faɗi darasi uku. Sun ba shi sati shida ya sake rubutawa, mulhak suke ce masa. In bai haye ba, kora ce.

"Kuma Yaya, ba shi ke nan ba," in ji Salihu. "Ya zube. Wandonsa sau biyu ina rage masa. Abokansa sun ce barci yake a aji, baki a bushe, kowane lokaci yana bayan katanga. Ni dai ba na son in faɗa."

"Faɗi."

"Ƙwaya ce. Duk yaran da suka dawo daga Hartum haka suke."

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya bushe ka bar shi kwana biyu, ya zube a ƙasa, tururuwa ta gode. Na bar shi na hau mota. Dorinar da nake ratayawa a gona tana hannuna.

Na sami yaron da hantsi a rumfar wani mai abinci, Sadik, a bakin makarantarsu. Su biyar sun kewaye roba ɗaya ta bosh, gurasar nan da ake gutsuttsurawa a zuba mata ruwan wake da mai, a marmasa ta'amiya, ƙosan nan ƙasar, a kai. Gabansa kwalbar baƙin lemo biyu, ɗaya ya shanye. Da na gan shi, wuyansa ya zama kamar na zakara. Amma fushi ya riga tausayi isowa. Na sa ƙafa na shure robar, na kama wuyan rigarsa, na jefa shi a raksha, keken haya mai ƙafa uku, a gaban abokansa.

A tsakar gida na doke shi. Ba zan rage ba. Na doke shi a baya, a cinya, a ƙafa. Bai gudu ba, bai kare ba, ya dai durƙusa. Ina duka ina cewa, "Wa yake sayar maka? Ina sauran?" Hauwa, wadda shekara ashirin da biyu ba ta taɓa shi a gabana ba, ta faɗo a kansa, ta karɓi guda a dantse. Bakin dorinar ya tsaga masa bayan ƙafar dama, kusa da yatsu. Da na tsaya ina haki, abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya shanye kofi huɗu a tsaye a bakin randa. Na ce a raina, ga shaida nan.

Sati na farko shatin bayansa ya fara bushewa, na ƙafar ya ƙi. Ya kumbura, yana ruwa. Yayata Gwaggo Asabe ta zo ta duba ta ce kambun baka ne, tun ranar da aka yi guɗar ƙibarsa ta san za a yi haka. Aka karɓo rubutu. Aka daka bagaruwa aka barbaɗa. Wata maƙwabciya ta ce yaron da ya rame haka zuma yake so, aka dinga dama masa zuma a madara safe da yamma. Ni na sayo zumar, mai kyau, wadda ake kawowa daga Gallabat. Ya buɗe littafi ya ce layukan suna haɗewa. Na aika Hauwa ta gaya masa ya daina raina mini hankali.

Sati na biyu ƙafar ta fara wari. Salihu ya kawo wani tsoho mai ɗori da ƙuna, wanda a nan muke ce wa basir. Ya duba ya ce mugun jini ne ya taru, sai wuta. Ya sa ƙusa a garwashi har ta yi ja. Salihu ya danne ƙafafu, ni na sa gwiwa a ƙirjinsa na riƙe hannuwa. Sau uku tsohon ya ɗora. Yaron ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya cije ni a hannu, ya yi fitsari a wando. Warin naman ya cika gidan. Tsohon ya ce, "Halas, shi ke nan, nan da Juma'a zai buga ƙwallo." Na ba shi abin goro, har na yi masa rakiya.

Sati na uku, ranar Talata bayan azahar, ya fito zai zaga ya yanke jiki ya faɗi. Ni na san abin da ake yi wa wanda ya faɗi. Shekara ashirin ina tayar da leburori a gona. Rana ta buge mutum, ka dama sukari a ruwa, ka ɗaga kansa, ka ɗura masa, ya tashi ya ɗauki laujensa. Ban taɓa yi ya ƙi ba. Na ce a kawo sukari. Na zuba cikin tafi biyu a kofi, na buɗe bakinsa da cokali, na ɗura. Ya amayo. Na sake ɗurawa. Numfashinsa ya koma dogo, mai ƙarfi, kamar wanda ya yi gudu, bakinsa yana warin rubabben mangwaro. Idonsa ya juye.

Hauwa ce ta fizge kofin ta yi jifa da shi. "Malam, za ka kashe mini shi! Idrisa! Idrisa!" A gaban Gwaggo, a gaban kowa, ta kira sunan.

Asibitin ba wurin sa ƙafa. Mutanen Hartum, mutanen Madani, masu gudawa a cikin tanti, wasu a ƙasa a kan kwali. Mai gadi ya tare mu ya ce mu bi layi. Ina saɓe da yaro a kafaɗa yana ce mini layi. Na ajiye shi na shaƙe mai gadin. Wani mai kaki ya zo ta baya ya buga mini gindin bindiga a haƙarƙari, na durƙusa. Ban ga laifinsa ba yanzu. Hayaniyar ce ta fito da wata likita, yarinya ƙarama, ita ma yaƙi ne ya koro ta. Ta sunkuya ta sansana bakinsa, ta soki yatsarsa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta ɗaga kai ta yi ihu a kawo gado.

Bayan sun sa masa ruwa hannu biyu ta fito ta same ni. Da Larabci take magana.

"Kai ne uban? Me kuka ba shi?"

"Ruwan sukari."

Ta rufe ido. "Kafin nan fa?"

"Zuma."

"Ya hajj, ɗanka sukkari gare shi. Ciwon suga. Jininsa ya zama sharbat, na'urar ma ta kasa karantawa. Tun yaushe yake rama? Me yake ci a makaranta?"

Ban sani ba. Ta ɗaga rigarsa ta ga baya, ta kwance tsumman ƙafa ta ga ƙuna uku da tsaga. Ta ce, "Wannan fa, wa ya yi?" Na ce faɗuwa ya yi. Ta dube ni, ta dubi bayan, ta rubuta abin da za ta rubuta.

Kwana biyu bai san inda yake ba. Ruwan da ake sa masa ni nake nemowa, allurar insulin kuma sai da na zaga kantin magani shida kafin na samu, a kuɗin da ya sa na sayar da tunkiyar Hauwa da ɗanta. Wuta ba ta zama, allurar kuma ba ta son zafi. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata, ta koya mini in sa kwalbar a gwangwani, in binne a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ita ce kuma ta zage ni tas da ta ga Gwaggo Asabe ta shigo da kunun gyaɗa mai sukari a ɓoye cikin mayafi. Na gode mata da zagin.

Abokinsa Mu'utasim, wanda suke ɗaki ɗaya, shi ya ba ni amsar da na kasa ba likita. Muna zaune a gindin dalbejiya na ce ya gaya mini gaskiya, ko da ƙwaya a ciki.

"Wallahi Ammu ko taba ba ya sha," ya ce, don Ammu, wato baffa, yake kirana. "Abinci ne kawai. Da safe shayi da zalabiya, fanken nan mai sukari. Hantsi bosh da lemo. Da rana soyayyen dankali a gurasa. In za mu yi karatu, basta, alkakin nan mai zuma, da lemo kuma, ko taliyar leda. Tun Hartum haka muke. Shi ya fi arha, shi ya fi kusa, ba wanda yake da tukunya."

"Ku duka?"

"Mu duka. Bayan bosh ka shiga aji ka ga kawuna a kan tebur kamar an yi yanka. Amma shi nasa ya fi. Ranar jarrabawa sau huɗu ya nemi fita fitsari, mai tsaro ya ɗauka satar amsa yake, ya ƙwace takardarsa. Ta biyu kuma ya rubuta shafi ɗaya ya ce ba ya ganin tambayoyin. Idrisa fa shi yake koya mana lissafi a shekarar farko."

Na tashi ban yi masa sallama ba. Rumfar Sadik na nufa. Yana tsaye gaban kasko yana suya a wani mai baƙi kamar na injin tarakta. Na kama kunnen kaskon na kifar. Man ya watsu a ƙasa, ya fallatsa masa a ƙafa, ni kuma ya wanke mini bayan hannun hagu. Ya ɗauki matsamin ƙarfe ya kwaɗa mini a goshi. Muka kama kokawa a cikin gurasa da albasa, ɗalibai suka raba mu, jini yana shiga mini ido.

"Ka kashe mini ɗa da gubarka!"

"Ya zol, ni na kira shi?" Sadik yana riƙe da ƙafarsa yana ihu. "Kullum sau uku yake zuwa nan. Gidanku raksha ɗaya ce daga nan! Ka taɓa aiko masa da kwanon tuwo? Ni ina ganin yaron yana zubewa har na ce masa ya je asibiti. Kai da ka zo, me ka kawo masa?"

Ɗaliban duk sun ga abin da na kawo masa. Na naɗe hannuna da rawani na tafi. Daga baya na aika Salihu wurin Sadik da mai da kuɗin magani. Har yau ban yarda man nan nasa abin ci ba ne, amma maganarsa ba ta da ƙarya.

Sati na huɗu yatsu biyu na ƙafar suka yi baƙi. Likita ta ce in ba a cire ba, ƙafar za ta bi su. Gwaggo Asabe ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da aka fassara wa likitar ta ce a nan ana yankewa. Allurar kashe zafi ba ta ishe su ba. Ina bakin ƙofa ina jin sa. Wannan karon ba su ce in riƙe shi ba, kuma da sun ce, da ban iya ba.

Zan faɗi abin da likitar ta ce don kar in ɗora wa abinci abin da ba nasa ba shi kaɗai. Ta tambaye ni ko akwai mai irin ciwon a dangi. Na tuna mahaifiyata, yadda ta bushe tana neman ruwa har ta rasu, muka ce tsufa ne. Likita ta ce irin yana cikin jini, amma da zai iya kwanciya har yaron ya yi furfura. Shekara uku na lemo da farar gurasa da mai ne suka tashe shi tun yanzu. "Ku kun ba shi iri," ta ce, "makaranta ta yi masa ban ruwa." Maganar ƙafar kuma ba ta ce komai a kai ba. Ba sai ta ce ba.

Aka sallame mu saura kwana tara jarrabawa. Hauwa ta koma yi masa kisra, irin sinasir ɗinmu na dawa, 'yar kaɗan, da miyar kuɓewa, da rama, da wake ba gurasa. Shayi ba sukari. Yana ci yana ɓata fuska. Idonsa ya fara washewa a hankali, Mu'utasim yana zuwa kullum da la'asar suna bin littafi. Allurar ni nake yi masa a cinya, safe da yamma. Ba ma magana. In ɗaga wando, in soka, in tafi.

Saura kwana uku na ɗaga matashinsa zan gyara, na ga basta a naɗe cikin takardar littafi, ta jiƙa ta da zuma. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Ya dube ni daga kwance. Ya janye zane daga lafiyayyar ƙafar ya miƙo ta.

"Ga wannan, Baba. Ita biyar ne da ita."

Hannun ya tsaya a sama. Na sauke shi. Na ɗauki bastar na fita na ba akuya. Da na dawo na zauna a bakin angareb ɗinsa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Yunwa kake ji?" Ya ce, "Kullum." Na leƙa na ce wa Hauwa ta dafa masa ƙwai.

Ya rubuta ukun. Ni na kai shi a raksha, da sanda, da kwanon kisra a leda, na zauna a waje har ya fito. Rana ta uku ya fito da wuri, zazzaɓi ya kama shi a ciki, ciwon yana zuga.

Bayan kwana goma aka liƙa sakamako. Mu'utasim ya zo da shi bayan la'asar, ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Biyu ya haye. Na ukun ya faɗi. Sunansa yana cikin waɗanda za a sallama. Hauwa ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Mu'utasim ya ce akwai hanya ɗaya. Waliyyin ɗalibi yana iya zuwa da takardar asibiti ya roƙi kwamitin malamai, in sun yarda da uzurin sai su bar shi ya maimaita shekara. Gobe ne zamansu na ƙarshe. Na ce a ɗauko takardar da likita ta ba mu. Ba na karanta irin rubutunsu, na ce ya karanta mini. Ya karanta maganar suga, ya karanta maganar yatsu, sai ya tsaya.

"Ci gaba."

"Ta rubuta cewa raunin daga dukan bulala ne, Ammu. Da ƙunar ƙarfe. Ta ce majinyacin ya yi sati uku a gida a haka."

Salihu yana wurin. Ya ce, "Yaya, kar ka kai wannan. A kwamitin nan akwai wanda kuke sallar Juma'a sahu ɗaya. Gobe duk kasuwa ta ji. Bari in nemo wanda zai rubuta mana wata." Yaron ma daga ɗaki ya ce, "Baba, bar shi. Zan bi ka gona." A ranar kuma mai gona ya aiko cewa dawa ta isa yanka, in ban iso da safe ba zai sa wani wakili.

Washegari da na idar da asuba na yi masa allura. Na sa farar jallabiyata, na naɗa rawani ya rufe tabon goshi, na sa takardar a aljihu yadda take. Motar Gadambaliya ta wuce ni a bakin titi, yaron mota yana kirana, ban ɗaga hannu ba. Na jira a benci har aka kira waliyyi. Su biyar ne a bayan tebur, da mutumin da Salihu ya faɗa a cikinsu. Babbansu ya karanta takardar har ƙasa, ya cire tabarau, ya ce wa ya yi wa ɗalibinsu haka.

Na ce ni ne. Na ce yaron ya shiga jarrabawarku ta farko ba ya gani, ya shiga ta biyu da ƙafar da ubansa ya lalata. In akwai wanda za a kora, ga ni, amma ni ba ni da kujera a nan.

Suka ce in jira a waje. Na jira har rana ta take. Magatakarda ya fito da takarda ya ce maimaita shekara ne, in sa hannu. Na ce ban iya ba. Ya kawo tawada na dangwala da babban yatsa.